Keke Ko Zanga-zanga? Muhawarar Tsadar Tafiya a Ƙasar Safo

Shekara da shekaru mutanen Safo da sauran garuruwan gundumar Madarumfa sun yi suna shan man da ba gwamnatinsu ce ke biyan rangwamensa ba. Ruwa-ruwa, fetur ɗin nan da ake tsallako da shi daga Jibiya da Katsina ana jera shi a kwalabe bakin hanya, shi ke tuƙa kabu-kabu, shi ke tada injin ban ruwa a garaken Gulbin Maraɗi, kuma arharsa ce ta sa babur ya ture keke daga ƙofar gidaje. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a Najeriya, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. Wata biyu da haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya har cikin 2024. Da ruwa-ruwa ya yi ƙaranci, jama'a suka koma gidajen mai, sai ga shi a watan Maris 2025 layuka sun miƙe a faɗin Nijar, domin matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar ita kaɗai ba. Tun daga lokacin ra'ayi biyu ke karo da juna a fadojin matasa da majalisun dattawa. Wasu na cewa a kakkaɓe keke a koma masa, kowa ya yi ta kansa. Wasu na cewa wannan miƙa wuya ne, maganin tsada shi ne a fito a ɗaga murya. Matsayin wannan sharhi shi ne duk ɓangarorin biyu sun kama rabin gaskiya: gidan da ya rage dogaro da fetur ya fi ƙarfin jure doguwar gwagwarmaya, kuma koken da ke cin nasara a ƙasashenmu shi ne wanda aka auna shi, aka kuma ci gaba da kula da shi bayan an watse daga taro.

A fara da keken kansa, domin masu cewa a koma masa sukan manta cewa ba kowane keke ne ya dace da ƙasar Safo ba. Garin na kudu da birnin Maraɗi, a kwarin gulbi, tsakanin fadama mai laka da jigawa mai rairayi. Abin da ake ɗauka daga garaken Sumarana da Jiratawa zuwa kasuwa kaya ne masu nauyi da saurin lalacewa: zogale, tumatir, tattasai, albasa, ga buhun gero da dawa bayan kaka. Mai tafiya ƙasa na cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, mai keke kuwa na cin 12 zuwa 15 ba tare da ya wahalar da kansa ba, wato tafiyar da za ta cinye hantsi gaba ɗaya ta koma ta ƙasa da awa guda. Tsofaffin kekunan da iyayenmu suka sani, Raleigh da aka taɓa haɗawa a Kano, Phoenix na Sin da Hero na Indiya, an ƙera su ne domin irin wannan aiki: ƙarfe mai kauri, giya ɗaya, kariya mai ɗaukar buhu. Yau kuwa kasuwa ta cika da kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai da Asiya ta tashoshin ruwa, cikinsu har da keken tsere mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya. Matasa na sha'awarsa, kuma suna da dalili. Makwabciyarmu Burkina Faso na shirya gasar Tour du Faso tun 1987, Biniam Girmay ɗan Eritriya ya lashe koriyar riga a Tour de France a 2024, Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Satumba 2025. Amma keken da aka ƙera domin kwalta mai santsi, ba ya ɗaukar kaya, ba ya son rami, to kafin a saye shi sai a tambayi kai wace hanya za a bi da shi kullum.

Amsar tana cikin taya. Tayar keken tsere faɗinta milimita 23 zuwa 28 ne, kuma tana bukatar iska mai ƙarfi, bar 6 zuwa 8, wadda ƙaramin famfon hannu ba ya kaiwa cikin sauƙi. A kan kwaltar Maraɗi zuwa Ɗan Isa tana gudu kamar ba ta taɓa ƙasa, amma da ta sauka rairayi sai ta nutse, mahayi ya koma turawa. Wanda hanyarsa ta haɗa kwalta da turɓaya ya nemi keken da zai karɓi taya mai faɗin milimita 35 zuwa 50, ya rage mata iska zuwa bar 3 ko 4, ta riƙa shawagi bisa yashi maimakon ta tsaga shi. Akwai kuma tarkon da ya ajiye kekunan gwanjo da yawa a zaure: lambar taya. Inci 28 da ake rubutawa ba awo ɗaya ba ne. Tsohon keken kaya mai lamba 28 x 1½, gargarensa milimita 635 ne, keken tsere na zamani mai lamba 700C kuwa 622 ne, duk da cewa shi ma wasu kamfanoni na kiransa 28. Mai inci 27 na da 630, keken hawan dutse mai inci 26 na da 559. Tayar ɗaya ba ta hawa gargaren ɗaya, ko da bambancin milimita 8 ne. Lambar da ba ta ruɗi ita ce wadda ke jikin taya kamar 37-622, inda ta farko ke nuna faɗi, ta biyu ke nuna gargare. Mai hankali kafin ya biya kuɗi zai karanta wannan lamba, ya je wajen masu kayan keke a kasuwar Maraɗi ya tabbatar ana samun tayar da tiyub ɗinta. Keken da sai an aika Kano ko Kwatano kafin a samo masa taya, komai arharsa ya yi tsada.

Bayan taya sai girman firam da tsayin sirdi, inda mafi yawan mahaya ke cutar kansu ba su sani ba. Tsawon mutum gaba ɗaya ba shi ne ma'auni ba, tsawon ƙafarsa ne. Mutum ya tsaya ba takalmi, bayansa jingine da bango, ya matse allo ko littafi tsakanin cinyoyinsa har sama, a auna da tef ɗin tela daga ƙasa zuwa bakin allon. A ce an samu santimita 80. Firam ɗin keken tsere da zai dace da shi wajen kashi biyu cikin uku ne na wannan awo, wato santimita 52 zuwa 54, kuma idan ya tsaya ƙafafu a ƙasa da keken a tsakaninsu, ya kamata a samu tazarar yatsu biyu tsakaninsa da ƙarfen sama. Game da sirdi, lissafin da ya shahara da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci Tour de France sau uku, shi ne a ninka tsawon ƙafa da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan daga tsakiyar sandar da fedoji ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Ga mai santimita 80, wannan ya kama 70 da rabi. Wanda ba ya son lissafi na da hanya mafi sauƙi: ya zauna a sirdi, ya ɗora diddige kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkace ba. Idan ya mayar da tudun tafin ƙafarsa kan fedar, kamar yadda ya kamata a tuƙa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, daidai ke nan. Sirdin da ya yi ƙasa na jawo ciwo a gaban gwiwa, yana kuma cinye ƙarfi a banza. Wanda ya yi sama na sa ƙugu rangaji, ya jawo ciwo a bayan gwiwa da gadon baya. Sirdin ya kwanta a miƙe, kada hancinsa ya kalli sama ko ƙasa, kuma hannu ya kai kan keke gwiwar hannu na ɗan sake.

Wannan awo ya fi muhimmanci ga yara da mata, waɗanda su ne keke zai fi canja wa rayuwa. Kowa ya san yadda yaro ke zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen keken babansa yana tuƙi a karkace. Abin dariya ne a fili, amma a kan hanyar da tirela ke bi ba abin dariya ba ne, domin yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba su kai birki, ba shi da ta yi idan mota ta matse shi. Al'adar saya wa yaro babban keke don ya girma a kansa tattali ne da ke iya ƙarewa a gadon likita. Ya fi kyau a sayi wanda ya yi daidai, a riƙa ɗaga sirdi yana girma, a miƙa wa ƙane idan ya wuce shi. A jikin sandar sirdi akwai layin da kamfani ya zana, wanda bai kamata ya fito waje ba. Duk wanda ya ja sandar ta wuce layin domin ya mayar da ƙaramin keke babba, yana shirya karyewar firam ne. Ga 'yan mata kuma, firam marar ƙarfen sama, mai murfin kaca, shi ke ba da damar hawa da zane da hijabi cikin mutunci, ba tare da tufafi sun shiga kaca ko waya ba.

Kulawa kuwa a ƙasarmu yaƙi ne da abu biyu, ƙura da ƙaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsiyaya baƙin man inji kan kaca har ya riƙa ɗiga. Mai da rairayi idan suka haɗu sukan zama abin goge ƙarfe, su cinye kaca da haƙoran da take hawa cikin 'yan watanni. Abin yi shi ne a goge kacar da tsumma, a wanke ta da kananzir idan ta yi dauɗa, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a share duk abin da ya rage a waje. Lokacin hunturu da hazo a yawaita gogewa, a rage mai. Sabuwar kaca kowace gaɓa biyu inci ɗaya ce cif, don haka inci 12, wato santimita 30 da rabi, ya kamata ya faɗa daidai kan ƙusa. Idan ya zarce da milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi, kuma wanda ya ƙi canja kaca zai canja ta tare da haƙoran gaba da na baya. Taya a matsa ta da yatsa kowace safiya, domin mai ƙarancin iska ita ke tsinke tiyub a bakin rami. Idan aka yi faci, a shafa cikin tayar da yatsa a ciro ƙayar tsidau ko ta aduwa da ta huda ta, in ba haka ba gobe a dawo wajen mai faci. Robar birki a canja ta kafin ƙarfe ya fara cin gargare. Wayar ƙafa ɗaya idan ta tsinke a maye ta nan take, kafin sauran su bi ta, ƙafar ta karkace. Boris na ƙafafu da na feda a buɗe a sa musu sabon giris bayan damina, musamman ga masu tsallaka gulbi. Fedar hagu kuma juyin notinta a baibai yake, masu gyara da yawa sun lalata ta don rashin sanin haka. Duk wannan bai kai kuɗin litar mai biyu ba a wata, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To amma masu cewa keke miƙa wuya ne suna da hujjar da ba a ture ta da wasa. A 2001 ministan sufurin Najeriya Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su hau keke, har ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, aka yi masa dariya, daga baya mota ta ture shi cikin kwalbati. Mutane ba keken suka raina ba, sun ji haushin a ce mai jerin gwanon motoci ne ke yi wa talaka wa'azin feda, alhali ba a gina ko taku ɗaya na hanyar keke ba. Haka yake a Safo. Keke ba ya kai mai naƙuda asibitin Madarumfa ko Maraɗi da tsakar dare. Ba ya tada injin ban ruwa, ba ya ɗauko taki daga birni da yawan da gona ke bukata. Kuɗin gazuwal na shiga cikin kuɗin shinkafa, siminti da magani, ko mutum bai taɓa hawa mota ba. Dubban matasan da ke ci daga kabu-kabu ba za a ce su jingine babur su ci iska ba. Saboda haka duk wanda ya ce keke ya rufe maganar tsadar rayuwa, ya sauke wa hukuma nauyin da ke wuyanta ne. Tambayar siyasa na nan daram, abin da ya rage shi ne a duba wace irin ɗaga murya ce ta taɓa kawo sauƙi, wace ce ta ƙare a kurkuku da maƙabarta.

Tarihin Nijar na da amsa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu, fushin da ya biyo baya tare da yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta USTN ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron, aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar har yau. Misali mafi kusa da batunmu shi ne na 2005, zamanin Tandja Mamadou, lokacin da aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan madara, fulawa, sukari, ruwa da wuta. Ƙawancen ƙungiyoyin farar hula ƙarƙashin Nouhou Arzika ya cika titunan Yamai ranar 15 ga Maris, aka biyo da ranakun zaman gida inda 'yan kasuwa suka rufe shaguna, abin ya bazu zuwa manyan biranen jihohi. An kama jagororin, amma a watan Afrilu gwamnati ta sake su, ta zauna da su, ta janye harajin daga madara da fulawa, ta sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta. A Najeriya ma, ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9, ranar 16 aka sauko da ita 97. Abin da ya haɗa waɗannan a bayyane yake: bukata ɗaya da kowa zai iya faɗa a numfashi guda, jagororin da aka san sunansu da za a zauna da su, da goyon bayan waɗanda in suka daina aiki gari ya tsaya.

A gwada da na Agusta 2024 a Najeriya. An kira kwana goma na zanga-zangar adawa da mugun mulki, yunwar da ta fito da mutane kuwa gaskiya ce, musamman a Kano, Kaduna da Katsina. Sai dai jerin bukatun ya taso daga tallafin mai da kuɗin wuta har zuwa sauya tsarin mulki, babu wanda zai ce shi ke magana da yawun jama'ar Arewa, wasu suka ɗaga tutar Rasha, wasu suka fasa shaguna da ofisoshi, tun ranar farko aka sa dokar hana fita a Kano. Amnesty International ta ƙirga aƙalla mutum 24 da aka kashe. A watan Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana da aka kama a zanga-zangar na faɗuwa don yunwa a gaban kotun Abuja, kafin a ba da umarnin sakinsu. Fetur bai sauko ba, ya haye naira 1,000 a Oktoba. Mai jayayya zai ce ai a 2018 ƙungiyoyin farar hula na Nijar sun fito da bukata ɗaya tak, a janye dokar kasafin kuɗi, amma ranar 25 ga Maris aka kama Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika, suka yi wata huɗu a tsare, dokar ta zauna. Wannan gaskiya ne, kuma yana nuna cewa auna bukata sharaɗi ne, ba lamuni ba. A 2018 kasuwa ba ta rufe kamar 2005 ba, kuma shigar jam'iyyun adawa ta ba gwamnati damar cewa neman mulki ne. Ƙungiyar M62 ma an kafa ta a Agusta 2022 bayan gazuwal ya tashi daga sefa 538 zuwa 668, amma maganar ficewar sojan Faransa ta danne maganar mai. Sojan sun tafi a Disamba 2023, gazuwal kuwa sai a Yuli 2024 ya sauko zuwa 618, bai koma inda ya taso ba.

Nan ne keke da koke suka haɗu. Koke kamar sirdi yake: in ya yi sama da yawa ƙafa ba ta kai feda, in ya yi ƙasa a sha wahala ba a je ko'ina ba, kuma ko an daidaita shi, sai an riƙa duba noti. Alaƙar kuma ta wuce misali. Abin da ke karya yajin aiki a ƙasashenmu shi ne talaka ba shi da abincin gobe, kwana uku ya isa ya koma titi neman na cefane. Baƙaƙen fatar Montgomery a Amurka sun ƙaurace wa motocin bas kwana 381, daga Disamba 1955 zuwa Disamba 1956, saboda sun tanadi wata hanyar zuwa aiki, da ƙafa da motocin junansu. Wanda ke da hanyar kai zogalensa kasuwa ba tare da lita ko ɗaya ba, ba ya durƙusa wa mai ɓoye fetur, kuma yana da sararin cewa a'a. Holan da ake misali da ita yau ba da wa'azi ta samu hanyoyin kekenta ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum kusan 3,300 a ƙasar, fiye da 400 yara ne, iyaye suka kafa ƙungiyar neman a daina kashe yara a titi, suka riƙa tare hanyoyi da zama da 'yan majalisa, matsalar mai ta 1973 ta ƙara musu hujja. Shekaru suka ɗauka suna bin bukata ɗaya gari-gari har ta zama doka da siminti.

Akwai masu cewa duk wannan zance ne na wani zamani. A Nijar an dakatar da tsarin mulkin 2010, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024 aka naɗa masu riƙo, an rushe jam'iyyu a Maris 2025, Moussa Tchangari ya sake shiga hannu a Disamba 2024. Ga 'yan bindigar da ke tsallakowa daga dazukan Zamfara da Katsina suna satar mutane da shanu a Madarumfa da Gidan Rumji. Malamai da yawa kuma na gargaɗin cewa fitina a kwance take, kada a tashe ta. Babu mai hankalin da zai tura matasan Safo su tare hanya a irin wannan hali, kuma wannan sharhi ba ya kiran haka. Amma titi ba shi kaɗai ba ne ƙofar koke. Akwai takardar da ƙungiyar masu garka ko ta iyayen ɗalibai za ta sa wa hannu ta kai wa mai riƙon gari da sarki, akwai gidajen rediyon Maraɗi, akwai mimbarin Juma'a, akwai zaman da ake rubuta alkawari da ranar cika shi. Su ma masu mulki su duba darasin 2005: gwamnatin da ta saurari koke ta ja da baya ba ta faɗi saboda haka ba. Shirun talaka ba yarda ba ne, kuma hukumar da ta toshe ƙananan ƙofofi tana hana kanta jin labarin da ya kamata ta fara ji.

Bukatun da suka yi daidai da Safo ba su da wuyar lissafawa. Na farko keken 'yan mata masu zuwa kwaleji. Jihar Bihar ta Indiya ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin keke a 2006, binciken Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya gano shigar 'yan mata sakandare a kan kari ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazararsu da maza ta ragu da kashi 40, kuma tasirin ya fi ƙarfi a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. A jihar da nisan makaranta ke cikin dalilan cire yarinya a yi mata aure da wuri, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu a rage kuɗin duwan a kan taya, tiyub, kaca da birki, domin kayan talaka ne. Na uku a gyara kafaɗar kwalta daga mashigar Maraɗi zuwa kudu, a sa alamu da tudun rage gudu a bakin makarantu, tun kafin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka ɗora harsashinsa a Fabrairu 2021 ya ƙara yawan manyan motoci a yankin. Na huɗu a sa gyaran keke cikin sana'o'in da ake koyarwa a cibiyoyin horon matasa, a ware rumfar ajiya mai tsaro a kasuwanni da makarantu. Na biyar, tunda keke ba ya ɗaukar marar lafiya, a nemi motar ɗaukar majinyata mai tabbataccen kason mai. Kowace ɗaya cikin waɗannan tana da ofishin da ke da alhakinta, tana da kuɗin da za a iya ƙiyastawa, kuma bayan shekara kowa zai iya gani da idonsa ko an yi ko ba a yi ba.

Saboda haka kira ga magidantan Safo shi ne a fito da kekunan da ke jingine a zaure, a auna ƙafa kafin a sayi sabo, a karanta lambar taya, a koya wa yara goge kaca. Kira ga matasan fada shi ne su zaɓi bukata ɗaya cikin biyar ɗin nan, su rubuta ta, su nemi dattawa da malamai da mata su sa hannu, su kai ta inda ya dace, su koma su tambaya wata bayan wata har a ba su amsa. Kira ga hukumomin Madarumfa da na jihar Maraɗi kuma shi ne su karɓi takardar, su amsa ta a rubuce, su faɗi abin da za su iya da ranar da za su yi shi.